Gida Mai Taya Shida

A shingen da ke kusa da gadar Binuwai,
kafin a shiga Garwa,
mai hula da littafi ya ɗaga mini hannu.
Na taka burki sau uku,
a na huɗu ya kama, kamar kullum.

Ya zaga motar yana ƙirga taya.
Shida, in ji shi. Babbar mota ce wannan.
Ina takardar harajin mai ta manyan motoci?

Na ce, ranka ya daɗe, a da can babba ce,
shekara ashirin tana dakon auduga.
Yanzu ta tsufa, ta zama ɗaki.
Daminar da kogi ya cinye mana gida
ƙyaure ɗaya ya bar mini da tagar katako.
Su na kafa a bayanta, na rufa kwano,
Astajam ta rataya labule.

Ya ce, me ka ɗauko? Faɗi nauyin kaya.

Katifa guda, ta lotsa a tsakiya.
Tulu biyu, ɗaya na yoyo.
Rabin buhun dawa,
akwatin ƙarafan da nake gyaran keken ɗinki,
sai yarinya mai zazzaɓi tun daren jiya.
Ita ce mafi nauyi, yallaɓai,
in sikelinka na iya aunawa.

Ya buɗe littafi.
Ga layin tirela, ga layin tanka,
ga na motar shanu,
ga na masu ɗauko siminti daga Figil.
Babu layin mutumin da ke kwana
duk inda injin ya gaji.

Ya ce, man da tirela ke sha kake sha,
kwaltar da take ci kake ci.
Na ce, haka ne.
Sai dai ita in ta sha, maigidanta ya ƙirga riba.
Ni lita goma ke kai ni kasuwar Pitowa ran Lahadi,
in zauna kwana shida gindin tsamiya
ina jiran keken wani tela ya karye.
Ban gaya masa a kwalba nake sayen man ba.

Kuma makon jiya mai unguwa ya aiko yaro:
tunda ga murhu, ga igiyar shanya,
wannan gida ne, a kawo kuɗin fili.
In na tsaya, gida, biya.
In na motsa, mota, biya.
Ni kam na zama jemage,
tsuntsaye na karɓar nasu, ɓeraye na karɓar nasu.

Rana ta take. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga,
har sunan da ke ƙirjinsa, Jawyang, ya yi duhu.
Astajam ta leƙo ta taga: baƙo ba zai sha ruwa ba?

Ya hau tsanin ƙarfe, taki uku,
ya tsaya a ƙofa, ya yi sallama,
ya sunkuya ya kwance takalmi.
Ya sha kofi biyu. Ya taɓa goshin yarinyar
da bayan hannu, irin na mai 'ya'ya.

Na ce, yallaɓai, tun da ka fara aikin nan
tanka nawa ka yi wa sallama?
Wace tirela ka cire wa takalmi?

Ya dubi safarsa, babban yatsa ya leƙo waje.
Bai yi dariya ba, amma ya kusa.
Ya ce, ba ni na rubuta littafin ba.
Zan tambayi na sama. Ka dawo Alhamis.

Na ce, in dawo daga ina? Ai a gida nake.

Na ja ta gefe, ƙarƙashin dogonyaro,
na sa duwatsu a bayan taya.
Yau Alhamis ta uku ke nan.
Na sama bai amsa ba, wai shi ma zai tambaya.
Zazzaɓi ya sauka.
Jawyang kan zo shan shayi bayan la'asar,
ya kawo mini keken matarsa, zare yake tsinkewa.

Mai kuwa, tun ranar
ko cokali ɗaya ba mu ƙona ba.